INSHORAR MOTA DA DIREBAN DA AKE ƊARI-ƊARI DA SHI: BAYANI GA JAMA'AR ASSAKIO DA KEWAYE

GABATARWA

Garin Assakio yana kan hanyar da ta tashi daga Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, ta bi ta Namu ta nufi Shendam cikin Jihar Filato. Ƙasa ce ta noma. Da kaka ta yi, sai manyan motoci da akori-kura su dinga safarar doya da shinkafa da riɗi da agushi zuwa Lafia da sauran birane, ga babura da keke mai ƙafa uku suna kai-kawo da fasinja tun safe har dare. Duk inda ababen hawa suka yawaita haka, ba a raba wurin da karo, kuma duk karon da aka yi akwai wanda zai biya.

An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa masu motoci, da direbobi, da 'yan acaba, da shugabannin tasha, abin da doka ta ce game da inshorar abin hawa, da nawa ake biya, da irin kariyar da kowace takarda ke bayarwa. An fi mai da hankali ga direban nan da kamfanonin inshora ke ɗari-ɗari da shi, watau wanda ake ganin ya fi saura kusa da yin haɗari, domin shi ne ya fi kowa bukatar inshora, kuma shi ne ya fi shan wuya wajen samunta da sauƙi.

MENE NE INSHORA?

Inshora yarjejeniya ce tsakanin mai abin hawa da kamfani. Mai abin hawa yana biyan wani ƙayyadadden kuɗi sau ɗaya a shekara, kamfani kuwa ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan wata ɓarna da aka ambata cikin takarda ta auku a cikin wannan shekara. Asirin abin shi ne yawa. Mutane dubbai ne ke zuba kuɗi, amma kaɗan daga cikinsu ne tsautsayi ke faɗa wa, saboda haka ɗan abin da kowa ya zuba shi ke taruwa ya ɗauke nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa kamfani ke duban kowane direba da idon basira. Idan mutum ɗaya yana yawan jawo ɓarna, to, daga asusun jama'a ake ɗiba a biya masa. Tilas ne kamfani ya ƙara masa kuɗi, ko ya ɗora masa sharuɗɗa, in ba haka ba masu tuƙi da hankali ne za su riƙa ɗaukar nauyin masu ganganci.

ABIN DA DOKA TA CE

Tilasta inshorar mota ba sabon abu ba ne. Ingila ta kafa wannan doka a shekarar 1930. A Nijeriya kuwa an yi Dokar Inshorar Motoci domin kare haƙƙin mutum na uku a 1945, ta fara aiki a 1950. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NAICOM, ita ce ke ba kamfanoni lasin, ta yanka farashi, ta kuma saurari ƙorafin jama'a. Dokar Inshora ta 2003 ta yanka wa wanda ya sa mota kan hanya ba da inshora ba tarar Naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. A 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin tsofaffin dokokin nan, kuma ita ma ta bar inshorar mutum na uku a matsayin wajibi. Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta tsananta binciken wannan takarda a kan hanyoyin ƙasa baki ɗaya.

Wane ne mutum na uku? A cikin yarjejeniyar, mai mota shi ne na farko, kamfani na biyu. Duk wani wanda motar ta taɓa, ko shi kansa ko dukiyarsa, shi ne na uku: mai tafiya a ƙasa, da mai tallar da ke bakin titi, da mai wata motar, da mai shagon da aka afka wa. Domin waɗannan bayin Allah aka yi dokar, saboda ba su da hannu cikin sayen motar ko zaɓen direbanta, amma su ne ke kwana a asibiti.

SU WANE NE AKE ƊARI-ƊARI DA SU?

Kamfanin inshora ba ya duba. Lissafi yake yi da abin da ya saba faruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A nan gida, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun nuna cewa sama da mutum 5,000 suka rasu a kan hanyoyin Nijeriya a 2023, haka kuma a 2024, kuma gudun wuce sa'a shi ne babban sanadi. Bisa irin wannan lissafi, ga waɗanda kamfani ke sa wa ido:

1. Matashi da sabon direba. Doka ta yarda a ba ɗan shekara 18 lasin tuƙi, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna, kuma ƙuruciya takan zo da son gudu.

2. Wanda ya taɓa yin haɗari sau da dama, ko ya nemi diyya a kai a kai cikin 'yan shekaru.

3. Wanda aka taɓa kamawa da laifin tuƙi, kamar gudun wuce sa'a, ko tuƙin ganganci, ko tuƙi cikin maye. Maye kuwa bai tsaya ga giya kaɗai ba. Ƙwayoyin da wasu direbobi ke sha wai don su kori barci suna ciki.

4. Mai yin haya da abin hawa: tasi, da bas, da keke mai ƙafa uku, da acaba. Wanda ke wuni a kan titi ya fi wanda ke fita sau biyu a rana haɗuwa da tsautsayi.

5. Direban babbar mota, da tirela, da tankar mai, musamman mai tafiyar dare da mai lodin da ya wuce ƙa'ida. Nauyinsu ya sa ɓarnar da sukan yi ba ƙarama ba ce.

6. Mai tsohuwar mota wadda birkinta, ko tayoyinta, ko fitilunta ba su da lafiya.

7. Motar da hannaye da yawa ke tuƙawa, yau ɗa, gobe ƙane, jibi yaron mota.

Wurin da mota ke aiki shi ma abin dubawa ne. A cikin birni kamar Lafia, cunkoso ya sa ƙananan karo da gogayya sun fi yawa, ga kuma fargabar sata. A kan hanyar karkara kuwa, irin ta Lafia zuwa Shendam, karon bai kai na birni yawa ba, amma idan ya auku yakan yi muni, domin ana cikin gudu, ga dabbobi masu ƙetare titi, ga 'yan kasuwa da ke baza kaya har bakin kwalta ranar kasuwa. Direban Assakio da ke shiga Lafia kullum yana fuskantar iri biyun duka.

IRE-IREN INSHORAR MOTA

Iri uku ne manya.

Na farko, inshorar mutum na uku. Ita ce mafi ƙaranci da doka ta tilasta. Tana biyan diyyar rai, da rauni, da dukiyar wani. Ba ta biyan gyaran motar mai inshorar, ba ta kuma biyan jinyar direban da ya jawo haɗarin. Mutane da yawa ba su fahimci wannan ba, sai sun faɗa rami da motarsu su je neman diyya, a ce musu babu, su fito suna cewa inshora yaudara ce, alhali kuwa abin da suka saya ke nan.

Na biyu, inshorar mutum na uku haɗe da gobara da sata. Wannan ta ƙunshi duk abin da ta farko ta ƙunsa, sa'an nan idan motar ta ƙone ko aka sace ta, kamfani zai biya. Ba ta biyan ɓarnar karo a jikin motar mai inshora.

Na uku, cikakkiyar inshora. Ita ce ta game duka: haƙƙin mutum na uku, da gobara, da sata, da gyaran motar mai inshora ko da shi ne da laifi. Ana iya ƙara mata wasu abubuwa da ƙarin kuɗi, kamar ɓarnar ambaliya ko ta tarzoma.

Akwai abu biyu da masu haya ya kamata su lura da su. Mai ɗaukar fasinja ya tambayi kamfani a fili ko takardarsa ta ƙunshi fasinjojin da ke cikin motar, da kuma mutum nawa, a rubuta masa. Mai ɗaukar kaya kuwa ya sani cewa doya ko buhunan riɗin da ke bayan motarsa ba sa cikin inshorar mota. Kayan da ke kan hanya suna da tasu takarda dabam. Idan mota ta kife da amfanin gonar mutum goma, ba tare da wannan takarda ba, rigima ce tsakanin mai mota da manoma.

NAWA AKE BIYA?

A watan Disamba na 2022 NAICOM ta fitar da sabon farashin inshorar mutum na uku, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2023. Kafin nan motar gida tana biyan Naira 5,000 a shekara, diyyar dukiya kuwa ba ta wuce Naira miliyan 1. Ga yadda sabon tsarin ya kasance:

Motar gida: Naira 15,000 a shekara, diyyar dukiyar wani har Naira miliyan 3.

Motar da mutum ke ɗaukar kayansa na kansa: Naira 20,000, diyya har Naira miliyan 5.

Bas ɗin ɗaukar ma'aikata: Naira 20,000, diyya har Naira miliyan 3.

Babbar motar ɗaukar kayan haya: Naira 100,000, diyya har Naira miliyan 5.

Keke mai ƙafa uku: Naira 5,000, diyya har Naira miliyan 2.

Babur: Naira 3,000; diyya har Naira miliyan 1.

Idan aka raba waɗannan kuɗaɗe bisa kwanakin shekara, mai motar gida yana biyan kimanin Naira 41 a rana, mai babbar mota kimanin Naira 274, mai keke ƙasa da Naira 14, ɗan acaba kuwa kimanin Naira 8. Iyakar da aka ambata ta diyyar dukiya ce. Diyyar rai da ta rauni lissafinsu dabam ne. Har ila yau wannan farashi ya haɗa da katin inshora na ƙasashen ECOWAS, tsarin da aka kafa a Kwatano a 1982, wanda ke amfanar direban da zai ƙetara zuwa ƙasashe irin su Benin, da Togo, da Gana.

A nan akwai wani muhimmin abu da ya shafi direban da ake ɗari-ɗari da shi. Farashin nan an yanka shi ne bisa irin abin hawa da aikin da yake yi. Saboda haka matashin da ya karɓi lasin jiya da dattijon da ya shekara talatin yana tuƙi, idan motar gida suke da ita, farashi ɗaya ke gabansu. A wasu ƙasashe ba haka abin yake ba. A Ingila matashi yakan biya ninkin abin da babba ke biya, a jihohin Amurka da dama kuwa sai da aka kafa wani tsari na raba direbobin da kowane kamfani ya ƙi, a ɗora wa kamfanoni su karɓe su bi da bi, da tsada. Direban Nijeriya ba shi da hujjar cewa tsada ce ta hana shi cika umarnin doka.

Inda halin direba ke fitowa fili shi ne wajen cikakkiyar inshora. Sanarwar 2022 ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, bayan an cire kowane irin rangwame. Wannan shi ne ƙasa. Sama kuwa ya danganta ga yadda kamfani ya auna mutum. A ƙaddara mota ce ta Naira miliyan 6. Mafi ƙarancin abin da za a biya shi ne Naira 300,000 a shekara. Idan kamfani ya ga mai motar ya yi karo sau biyu bara, ya yanka masa kashi 7, to, zai biya Naira 420,000. Bambancin Naira 120,000 ɗin nan shi ne kuɗin ganganci.

KASON MAI MOTA

A cikakkiyar inshora akwai wani sharaɗi da ake rubutawa, cewa duk lokacin da aka yi ɓarna, mai mota zai ɗauki wani kaso na farko daga aljihunsa, kamfani ya biya saura. Misali, idan gyara ya kama Naira 800,000, kason mai mota kuwa kashi 10 ne, zai biya Naira 80,000, kamfani ya biya Naira 720,000. An yi haka ne don kada mutum ya saki jiki ya ce ai akwai mai biya. Ga direban da ake ɗari-ɗari da shi, kamfani yakan ɗaga wannan kaso, kuma sau da yawa akan ƙara wani kaso na musamman idan matashi ko sabon direba ne ke riƙe da sitiyari lokacin da abin ya faru. Wajibi ne mai mota ya karanta wannan wuri, ko ya sa a karanta masa, kafin ya biya.

Kada kuma mai mota ya rage darajar motarsa don ya biya kaɗan. Idan mota ta Naira miliyan 6 ce aka rubuta miliyan 3, rabin darajarta ke nan aka yi wa inshora. Ranar da aka yi ɓarnar Naira miliyan 1, kamfani yana da ikon biyan rabi kawai, watau Naira 500,000. Tun da farashin motoci da kayan gyara yana hawa, ya kamata a sake duba darajar mota duk shekara lokacin sabunta takarda.

Haka nan iyakar diyya tana iya gazawa. Idan motar gida ta daki wata mota mai tsada, gyara ya kama Naira miliyan 4.5, kamfani zai tsaya a miliyan 3, ragowar miliyan 1.5 tana wuyan mai mota. Wanda ke yawan shiga Lafia, ko Abuja ta hanyar Akwanga da Keffi, inda manyan motoci masu tsada suka yawaita, yana iya neman kamfani ya ɗaga masa iyakar da ɗan ƙarin kuɗi.

ABUBUWAN DA KE ƁATA INSHORA

Yarjejeniyar inshora a kan gaskiya aka gina ta. Kamfani bai san mutum ba, abin da ya faɗa masa shi yake ɗauka. Ga abubuwan da kan sa a hana mai mota diyya:

1. Ɓoye gaskiya lokacin cika takarda, kamar ƙin faɗin haɗarin da aka taɓa yi.

2. Yin haya da motar da aka yi wa inshorar gida. Wannan ya zama ruwan dare: ma'aikaci ya taso daga Lafia zuwa Assakio, ya ɗebi fasinja a hanya don ya sami kuɗin mai. Da ya karɓi kuɗin mota, ya fita daga sharaɗin takardarsa.

3. Ba da mota ga wanda ba shi da lasin, ko wanda lasinsa bai dace da irin motar ba. Yaron mota da ake bari ya juya babbar mota a tasha yana cikin wannan.

4. Tuƙi cikin maye.

5. Lodin mutane ko kaya fiye da abin da aka rubuta wa motar.

6. Rashin biyan kuɗi. Tun daga 1 ga Janairu, 2013, NAICOM ta tsananta ƙa'idar nan cewa in babu biya babu kariya. Ba a cin bashin inshora, kuma takardar da ta ƙare jiya ba ta da amfani yau.

HATTARA DA TAKARDAR JABU

Babbar cutar da ke damun wannan harka ita ce takardar jabu. Akwai 'yan damfara da ke raɓewa kusa da wuraren sabunta takardun mota da tashoshi, suna sayar da takarda mai hatimi da kyan gani a farashi mai rahusa, alhali babu wani kamfani a bayanta. Mai ita yana iya wuce shingen bincike sau da yawa, amma ranar da ya kaɗe mutum zai tarar ba shi da kowa sai kansa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai hanyar ganewa. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta buɗe wani babban kundi na kwamfuta, wanda ake kira NIID, inda ake shigar da kowace takarda ta gaskiya. Mai mota yana iya latsa *565*11# a wayarsa, ya shigar da lambar motarsa, ya ga ko sunan kamfani da ranar ƙarewar takarda sun fito. Jami'an tsaro ma da wannan kundi suke bincike. Duk wanda aka ce ya biya ƙasa da farashin hukuma, to, ya san akwai lauje cikin naɗi. A saya daga ofishin kamfani mai lasin, ko wakilinsa tabbatacce, ko dillalin inshora mai rajista, a kuma karɓi rasit.

TAKAFUL

Akwai jama'a da dama da ke ƙyamar inshora saboda shakkar riba da rashin tabbas a cikinta ta fuskar addini. Domin irinsu aka samar da takaful. An fara kafa kamfanin inshorar Musulunci a Sudan a 1979, Malesiya ta yi wa takaful doka a 1984, a Nijeriya kuwa NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka kuma ba kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin. A wannan tsari, abin da mutum ya zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai kula da asusun a ƙarƙashin sa idon malamai, kuma idan an sami rara a ƙarshen shekara akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Takardar takaful ta mota karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma daidai da kowace, kuma ƙofarta a buɗe take ga Musulmi da Kirista da kowa.

YADDA DIREBA ZAI RAGE WA KANSA TSADA

Ɗari-ɗarin da kamfani ke yi da mutum ba tambarin har abada ba ne. Ga hanyoyin fita daga cikinsa:

1. A kiyaye ƙa'idar gudu. Cikin gari kilomita 50 a awa ne ga ƙananan motoci, a kan babbar hanya irin ta Lafia zuwa Shendam kilomita 80, tirela da tanka kuwa ƙasa da haka. Tun daga Fabrairu 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu.

2. A nemi lasin ta hanyar gaskiya, bayan koyo a makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita.

3. A shekara ba tare da neman diyya ba. Kamfanoni suna yin rangwame ga wanda ya yi haka, rangwamen kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara, sai dai ba zai sauko da kuɗin ƙasa da kashi 5 ɗin nan ba. Wanda zai sauya kamfani ya karɓi shaidar tarihinsa daga na farko.

4. A taƙaita masu tuƙa motar, a rubuta sunayensu cikin takarda.

5. A sa na'urar bin sawun mota, a kuma kwana da ita cikin gida ko wuri mai gadi.

6. A tambayi kamfani biyu ko uku kafin a yanke shawara, a gwada kuɗin da kason mai mota tare, domin mai arahar kuɗi yakan zo da babban kaso.

7. Idan mota ta tsufa ƙwarai, ko cikakkiyar inshora ta fi ƙarfin aljihu, a ɗauki ta mutum na uku haɗe da gobara da sata. Idan wannan ma ta gagara, ta mutum na uku ba ta da makawa.

8. Ƙungiyoyin direbobi da na masu keke da babura suna iya haɗa 'ya'yansu su tunkari kamfani a ƙungiyance. Wannan yana toshe ƙofar 'yan jabu, yana kuma ba su baki ɗaya ranar neman diyya.

IDAN HAƊARI YA AUKU

Abu na farko shi ne ceton rai. A tsaya, a kai masu rauni asibiti mafi kusa, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, a kuma sanar da 'yan sanda. Direban da ya ga jama'a sun harzuƙa ya nufi ofishin 'yan sanda kai tsaye ya ba da rahoto. Sa'an nan a ɗauki hoton motocin da wurin, a rubuta lambar ɗaya motar, da sunan kamfanin inshorarta, da sunayen shaidu. A sanar da kamfani nan da nan, cikin kwanakin da takarda ta ambata. Kada direba ya sa hannu a wata yarjejeniyar biya a bakin titi, kada kuma ya kai mota wurin gyara, sai kamfani ya turo mai duba ɓarna ya ƙiyasta. Sulhu abu ne mai kyau, kuma sarakuna da shugabannin tasha sun saba yinsa, amma a yi shi da sanin kamfani, in ba haka ba kamfani yana iya zame kansa.

Wanda aka kaɗe, ko magadansa, su ma suna da haƙƙin neman diyya daga kamfanin da ya yi wa motar inshora. Su adana rahoton 'yan sanda, da takardun asibiti, da rasit na magani. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa ba da dalili ba, a kai ƙara sashen sauraron ƙorafi na NAICOM, bayan haka kuma ƙofar kotu a buɗe take.

KIRA GA JAMA'A

Ana roƙon sarakuna da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da shugabannin tasha da na kasuwa a Assakio da ƙauyukan da ke kewaye, su isar da wannan bayani ga waɗanda ba su iya karatu ba. Iyaye su tabbatar ɗansu yana da lasin da inshora kafin su miƙa masa makullin babur. Mai mota ya binciki direba kafin ya ɗauke shi aiki, ya kuma duba ranar ƙarewar takardarsa tun kafin kaka ta kama, lokacin da hanya ke cika. Gona da shanu da gidan gado sun sha salwanta wajen biyan diyyar haɗari guda ɗaya, abin da takardar 'yan dubbai za ta iya tarewa. Rigakafi ya fi magani.